Na kai madarar shanuna ɗakin gwaji bayan wata biyu ina ta allura babu sauƙi, ga yadda na samu aikinsu

Ni ƙaramin mai kiwo ne a bayan Kano, ta wajen hanyar Dawakin Kudu, shanu 14 nake da su, 9 ake tatsa, yawanci Bunaji ne sai guda uku haɗin Firiziyan. Madarar kindirmo muke yi da yogot muna kaiwa shaguna. Abin da yasa nake wannan rubutu shi ne mutane sun dame ni da tambaya tun da suka ji na kai madara da jini lab, wai shin kuɗin ya biya ko kuwa ɓarna ce, to gara in faɗa gaba ɗaya kowa ya gani. Ɗakin gwajin na 'yan kasuwa ne a cikin gari, likitocin dabbobi ne suka buɗe, ba zan kama sunansu ba don ba talla suka sa ni ba kuma akwai inda zan yi musu ƙorafi.

Abin ya fara ne da babbar saniyata, wadda muke kira Amarya, ita ce mai ba ni lita 9 zuwa 10 a rana. Wata safiya Baffa mai tatsar mana ya kira ni yace Alhaji zo ka ga hantsar nan, ɓangaren baya na hagu ya kumbura yayi zafi kuma yayi tauri kamar dutse, in an ja nonon sai ruwa-ruwa ya fito da gudaji kamar an yi cuku bai haɗu ba. Nayi abin da kowa yake yi, naje shagon maganin dabbobi aka ba ni LA, allurar antibayotik ce mai tetirasaikilin, aka yi mata, kumburi ya sauka, muka ce alhamdulillahi. Bayan sati biyu ya dawo. Aka ce sai Penstrep, wata allurar mai fenisilin a ciki, muka yi kwana biyar, ya lafa, ya sake dawowa. Na uku har haɗa biyun aka yi. A cikin wata biyun nan madararta ta dawo lita 5, sauran shanun ma na lura madara tana ja baya ba tare da wani dalili ba, ga dusa ga harawa ga ƙulin auduga duk ban rage musu ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma kindirmon ne. Sai a zuba madara da yamma a saka iri, da safe a tarar bai kama ba, ya tsinke, wani lokaci ko tsami babu. Uwargida tace irin ne ya mutu, aka canza, bai canza zani ba. Daga baya likita ya fahimtar da ni cewa ragowar antibayotik ɗin da ke fita ta cikin madarar saniyar da ake wa allura shi ne yake kashe ƙwayoyin da ke sa nono ya kama, ashe mu da hannunmu muke haɗa madararta da ta sauran. Wallahi ranar da na gane wannan ban ji daɗi ba, domin ba asarar kindirmo kaɗai ba ce, yaran mutane ne suke shan abin nan.

Likitan da ke duba min dabbobi shi ya ce Alhaji a daina harbi a duhu, a kai lab a ga wace ƙwaya ce. Kuma yace kar a ɗauki samfur yanzu, a bari a yi kamar mako guda da allurar ƙarshe, in ba haka ba maganin da ke jikinta zai hana ƙwayar tsirowa a kawo maka takarda ace ba a ga komai ba alhali cuta tana nan. Wannan magana ku riƙe ta, don mutane da yawa a nan suke yin asarar kuɗinsu sannan su ce lab ɗin ne bai iya aiki ba.

Kafin a kai ga lab sai da aka yi wani gwaji a nan garken, sunansa California Mastitis Test, a taƙaice CMT suke cewa. Wani farin faranti ne na roba mai mariƙi da gurbi huɗu, kowane gurbi na kan nono ɗaya. Ana zubar da tatsar farko, a tatsa kaɗan a kowane gurbi kamar rabin ƙaramin cokali, a zuba ruwan maganin mai launin shunayya daidai yawan madarar, a jujjuya a hankali daƙiƙa goma zuwa ashirin. In lafiya lau ne zai tsaya ruwa, in akwai ciwo sai ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, mai tsanani ma har ya dunƙule a tsakiya. Abin da yake nunawa shi ne yawan fararen ƙwayoyin jini da jiki ya tura cikin hantsa don yaƙar cuta, likita yace in suka haura 200,000 a mililita ɗaya na madara to ana zargin akwai ciwo ko da ido bai ga komai ba. Tsohon gwaji ne, tun 1957 aka fito da shi a Amurka, amma ni sai bana na taɓa ganinsa da idona. Kan nono 36 aka gwada a shanu 9, sai ga shi bayan Amarya akwai wasu huɗu da madararsu tayi yauƙi, kuma dukkansu in ka kalli hantsarsu garau, madarar fara tas. Baffa da ya shekara sama da arba'in yana tatsa ya tsaya yana kallon farantin nan shiru, can yace to wannan ciwon ɓoye ne.

Amma CMT ba ya faɗa maka wace ƙwaya ce kuma ba ya faɗa maka maganin da zai kashe ta, nan ne aikin ɗakin gwaji ya shigo.

Su suka ba mu ƙananan kwalabe masu murfi da aka riga aka kashe musu ƙwayoyi, kuma dole sai ka je da kanka ka karɓo, ba sa aikowa, wannan tafiya ɗaya kenan. Ma'aikaciyar da ta ba ni ta zaunar da ni tayi min bayani dalla-dalla, tace Baba a wanke hannu a sa safar hannu, a goge hantsa ta bushe, a zubar da tatsa uku ko huɗu na farko, a goge bakin nonon da auduga da sipirit har sai auduga ta fito fara, a karkata kwalbar kar a riƙe ta a miƙe ƙura da gashi su faɗa, kar bakin nono ya taɓa kwalba, kar a ajiye murfin a ƙasa, a rubuta sunan saniya da wane ɓangare ne, a saka cikin kula da ƙanƙara a kawo a ranar. Gaskiya wannan bayanin nata ya burge ni, bata yi shi da gadara ba kuma da Hausa tayi. Mun tatsa da asuba, kafin ƙarfe goma ina gabansu da kwalba bakwai, domin wasu shanun ɓangare biyu ne suka nuna.

Wurin da tsabta, ba ƙato bane, ɗaki uku ne da wajen karɓar baƙi. Ban daɗe a layi ba don masu kaji ne suka fi yawa kuma su gawar kaza suke kawowa a wata ƙofar daban. Aka rubuta tarihin kowace saniya, shekarunta, haihuwa nawa, wane magani aka yi mata da yaushe. Kuɗin kuwa kan kowace kwalba ake biya, gwajin gano ƙwaya daban na gano magani daban, farashi yana canzawa kullum shi yasa ba zan rubuta ba, amma abin da na biya na kwalba bakwai bai kai abin da na kashe a allurai da kindirmon da muka zubar cikin wata biyun nan ba, ko kusa.

Da yake ni mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf na roƙi a nuna min yadda ake yi, kuma ba su hana ni ba, ta bayan gilashi na tsaya. Ana ɗiban ɗigon madara da wata 'yar waya mai zobe a shafa a kan faranti mai jan abu kamar tuwon madara wanda aka haɗa da jinin tunkiya, da wani farantin daban mai suna MacConkey wanda yake ware ƙwayoyin kashi irin su E. coli, sai a saka a na'ura mai ɗumin digiri 37 kwana ɗaya zuwa biyu. Abin da ya tsiro a duba kamanninsa, a rina shi a kalla a madubin likita, a yi wasu ƙananan gwaje-gwaje har a kama sunansa. Daga nan a sake shuka shi a wani farantin a ɗora ƙananan takardu masu zagaye kowace da maganinta, a bar shi ya kwana. Maganin da ke aiki za ka ga fili fes ya zagaye takardarsa ƙwaya ta kasa matsowa, wanda ba ya aiki kuwa ƙwaya har bakin takardar take tsirowa. Da suka nuna min farantin Amarya naga takardar fenisilin da ta tetirasaikilin ƙwaya ta mamaye su ko ɗan fili babu, jikina yayi sanyi, wato duk LA da Penstrep ɗin da muka ɗirka mata ruwa muka yi ta zubawa a kwando.

Yanzu ƙorafina na farko. Sun ce min kwana uku, sai da aka yi shida. Na kira waya ranar ta uku ba a ɗauka ba, ranar ta huɗu aka ce min an samu matsalar wuta janareta ya tsaya da dare sai da aka sake shuka wasu. Na yarda da uzurin kuma na fi son a sake a kan a ba ni sakamakon ƙarya, amma mene ne wahalar turo saƙo ɗaya a waya? Mai saniya tana ciwo kwana uku ba ƙaramin abu bane a wajensa. Kuma ba sa aiki Asabar da Lahadi, ƙarfe huɗu sun tashi, wanda ya taso daga ruga mai nisa ya makara sai dai madararsa ta kwana.

Sakamakon ya fito haka: kwalba huɗu Staphylococcus aureus, cikinsu har da ta Amarya, ɗaya Streptococcus agalactiae, ɗaya babu abin da ya tsiro, ɗaya kuma suka rubuta ta gurɓata don ƙwayoyi kala uku ne suka fito, alamar datti ya shiga lokacin tatsa. A nan na ƙara ganin mutuncinsu, da sun ga dama su zaɓi ƙwaya ɗaya su rubuta min ba zan taɓa sani ba, amma suka ce a sake kawowa kuma ba su karɓi kuɗi karo na biyu ba. Ta ɗayar da ba ta tsiro ba suka ce hakan yana faruwa sosai, wani lokaci jikin saniya ya riga ya cinye ƙwayar saura kumburin, wani lokaci kuma Staph ɗin ne yake fitowa yau gobe ya ɓuya, don haka a maimaita bayan sati biyu.

Ƙorafi na biyu shi ne takardar kanta. Turanci zalla, sunayen ƙwayoyi, sai jerin magunguna da S da R da I a gabansu, babu layi ɗaya na bayani. Ni nayi boko kuma ina da likita, shi ya zauna ya fassara min cewa S yana nufin maganin zai yi aiki, R ƙwayar ta fi ƙarfinsa, I kuma tsaka-tsaki. To Bafulatanin da ya sayar da ɗan maraƙi ya biya kuɗin nan fa, wa zai karanta masa? Na gaya wa shugaban wurin baki da baki nace Dakta ku ƙara layi biyu da Hausa a ƙasan takardar nan, ko ku yi wa mutum saƙon murya, yace za su duba. Ina fata su duba ɗin da gaske.

Abin da na yaba kuma, ba su yi ƙoƙarin sayar min da magani ba, suka ce koma wajen likitanka da takardar. Ni ma da gangan na ƙi rubuta sunan maganin da ya fito da S a nan, don na san halinmu, gobe wani zai je ya saya ya yi wa tasa saniyar alhali ƙwayar garkensa daban ce, haka muka lalata LA.

Likita ya gaya min gaskiya mai ɗaci kan Staph aureus. Yace ƙwayar nan in ta daɗe tana yin ƙananan maruru a can cikin naman hantsa ta killace kanta, magani ba ya isa wurin sosai ko da a faranti ya nuna yana aiki, saniya babba wadda ciwon ya dawo mata sau uku da wuya ta warke. Kuma ba daga ƙasa ko kashi take zuwa ba yawanci, daga saniya zuwa saniya take bi ta hannun mai tatsa da tsumman goge hantsa. Mu kuwa tsumma ɗaya ne da bokiti ɗaya tun daga saniyar farko har ta ƙarshe, kuma Amarya ake fara tatsa saboda ita ce babba. Kun ga yadda muka raba wa sauran. Ita Streptococcus agalactiae yace da sauƙi, tana jin magani, kuma haka aka yi, maganin da ake matsawa ta bakin nono aka yi wa saniyar da ke da ita, muka zubar da madararta har kwanakin da aka rubuta a kwali suka cika, CMT ya dawo garau bayan sati uku. Ƙananan biyu masu Staph aka yi musu magani, ɗaya ta warke ɗaya muna jira sai lokacin da za a busar da ita, wato a daina tatsarta, kafin haihuwa a sa mata na dogon zango. Amarya kuwa ɓangaren ya mutu, na riƙe ta wata guda ana tatsarta ƙarshe, da naga tana neman kama na gaba sai na haƙura, bayan kwanakin magani sun fita daga jikinta na sayar wa mahauta. Saniyar da aka haifa a hannuna ce, ranar ban iya tsayawa an ɗora ta a mota ba.

Akwai gwaji na biyu da na yi a wurin wanda ban yi niyya ba da farko. Wata karsana da na sayo a kasuwa bara tayi ɓari tana da ciki wata bakwai, mabiyiya ta ƙi faɗuwa sai da aka cire, kuma gwiwarta ɗaya tana da kumburi mai ruwa. Baffa tun lokacin yace bakkale ne. Tunda ana zuwa lab nace a ɗebi jinin duka 14 har da bijimin. Wannan gwajin Rose Bengal ake ce masa, shi ba ya cin lokaci, ruwan jini ake ɗigawa a farin faranti a haɗa da wani ruwa mai launin hoda a jujjuya minti huɗu, in ya yi tsaki-tsaki to akwai alama. Washegari aka ba ni, 13 lafiya, karsanar nan ta nuna. Suka ce kar in yanke hukunci da wannan kaɗai don yakan nuna a dabbar da aka taɓa yi wa rigakafi ko wata ƙwaya mai kama, sai an tabbatar da wani gwajin jinin mai suna ELISA, su kuma ba su da kayan a lokacin sai suka tura wani babban ɗakin gwaji. Sati uku na jira, ya dawo ya tabbata Brucella ce, wato ƙwayar da ke kawo bakkale. Ita ba a maganinta a shanu, rabuwa ake da dabbar, kuma na rabu da ita ta hanyar yanka ba ta hanyar mayar da ita kasuwa wani ya saya ya kai garkensa ba, don abin da aka yi min kenan.

Jama'a bakkale tana kama mutum. Ta ɗanyar madara da ba a tafasa ba, da taɓa ɗan ɓari ko mabiyiya da hannu tsirara. Zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta maganin maleriya da taifot ba a dace ba. Yaron da ya taimaka wajen cire mabiyiyar nan sai da na kai shi asibiti aka duba jininsa, Allah Ya taimaka babu komai. Ma'aikatan lab ɗin ne suka tuna min da wannan, ni hankalina yana kan shanu.

Wanda ba ya kusa da irin wannan wuri na kuɗi, akwai asibitin koyarwa na likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, akwai na Sakkwato da na Maiduguri, sannan ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato wadda take aiki tun 1924, ita ke yin alluran rigakafin ciwon huhu da harbin daji da saifa, kuma tana da rassa a jihohi da dama. Ku tambayi likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku ya nuna muku mafi kusa, ku kuma haɗu ku uku ko huɗu a kai samfur a kula ɗaya kuɗin mota ya ragu.

In za a ce in ba su maki, a kan iya aiki da gaskiya na ba su cikakke, a kan cika alƙawarin lokaci da yi wa mai dabba bayanin takarda kuwa da sauransu sosai. Zan koma, na ma riga na koma sau biyu. Yanzu na sayi farantin CMT nawa da ruwansa, duk ranar ɗaya ga wata muke bin shanun gaba ɗaya, kowace saniya da tsummanta ana dafa su a bushe a rana, ana tsoma bakin nono a ruwan aidin bayan tatsa, mai alamar ciwo ita ce ta ƙarshe, kindirmo kuma ya dawo yana kamawa har a kife ƙwarya. Akwai karsana biyu da na yi ciniki a Wudil, suna can a wani shinge daban bayan gida, ranar Litinin za a zo a ɗebi jininsu a kuma yi musu allurar gwajin tarin fuka a wuya wadda ake dawowa a auna kumburinta bayan awa 72, sai takarda ta fito za su shiga cikin sauran.